Wata biyar ina ɓoye ƙullutu a mamana

Anti, barka da aiki. Shekarata 43, 'ya'yana biyar, autana ya shekara uku da yaye. Wata biyar ke nan ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu, ta wajen hammata. Ba ya ciwo ko kaɗan, amma ina jin kamar ya ɗan ƙara girma. Ban faɗa wa kowa ba sai wata maƙwabciyata. Ta kawo mini maganin shafawa, ta kuma gargaɗe ni kada in yarda a sa mini allura ko wuƙa, wai daji ba ya son ƙarfe. Ƙanwar mahaifiyata da wannan ciwon ta rasu, wata huɗu bayan an cire mata mama. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu yawanci namiji ne ke duba marasa lafiya. Na'urar hoton mama kuwa an ce sai babban birni, tafiyar yini guda, ga shi ba mu da hali. Maigidana bai sani ba, ina tsoron abin da zai biyo baya in aka ce sai an cire. Bara wasu sun zo sun yi gwaji kyauta ban je ba. In jira su dawo, ko in bari sai ya fara ciwo?

'Yar uwarki mai damuwa

Ƙanwata, kada ki jira su dawo, kuma kada ki jira ciwo. A cikin makon nan nake so wata ma'aikaciyar lafiya ta ɗora hannunta a kan ƙullutun nan. Na sa wannan a gaba ne don ko wani uzuri ya ɗauke ki kafin ki kai ƙarshen amsata, kin riga kin ji abin da ya fi komai a cikinta.

To yanzu ki saki numfashi ki saurare ni. Yawancin ƙullutun da mata ke ji a mama ba sankara ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har tara cikin goma na iya zama ba ita ba: wani ruwa ne ya taru a 'yar jaka, wani nama ne ya cure wuri guda ba ya cutarwa, wani ragowar kumburi ne. Mai yiwuwa ne ƙwarai naki yana cikin waɗannan. Sai dai ni daga nan ba zan iya ganewa ba, ke da yatsunki ba za ki iya ba, maƙwabciyarki ma haka. Kuma akwai abin da ya hana ni lallashin ki da "ba komai": kin haura arba'in, ƙullutun ya yi wata biyar bai baje ba, kuma ke da kike taɓa shi kullum kina jin yana ƙaruwa.

Maganar rashin ciwo ita ta fi tsaya mini a rai, domin ita ta fi cinye mata. Tun muna yara jiki ya saba mana cewa ciwo shi ne ɗan aike. Haƙori ya yi zogi mu nemi magani, kai ya sara mu kwanta. Sankarar mama ba ta bin wannan hanya. A farkonta, lokacin da magani ya fi cin ta, galibi shiru take, ba zafi ba zogi. Sau da yawa sai ta girma ta kama fata, ko ta tafi ƙashi, sannan ciwo ya bayyana. Macen da ta ce sai ya yi ciwo za ta je asibiti, ba ta sani ba ta zaɓi ta isa a lokacin da abin da likita zai iya yi mata ya ragu.

Su kuma masu gwajin kyauta, akwai abu biyu da ake cakuɗawa alhali kowanne daban yake. Akwai gwajin da ake yi wa matan da ba su ji komai a jikinsu ba, ana laluben cutar tun ba ta nuna kanta ba. Irinsa aka fi shiryawa a watan Oktoba, watan wayar da kai a kan sankarar mama. Akwai kuma binciken da ake yi wa macen da ta riga ta ji ko ta ga wani abu. Ke kina sahu na biyu, kuma wannan sahun ba ya jiran shekara ta zagayo. Ko gobe mutanen nan suka dawo, iyakarsu su taɓa su ce akwai ƙullutu ki je asibiti, abin da kika sani tun wata biyar da suka wuce. A shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 a kan wannan cuta, ta tsayar cewa daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da za a gama bincike a gaya mata abin da ke jikinta, kada ya wuce kwana 60. Ki riƙe wannan adadin, zai yi miki rana.

Na'urar da aka ce miki sai babban birni, mamogram ake ce mata. Hoto ne irin na ƙashi amma mai sauƙin ƙarfi, ana matse mama tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙoƙi a ɗauka. Tana da amfani, ba na rage mata daraja. Amma an yi ta ambatonta har mata suka ɗauka in babu ita babu abin da za a yi, sai su naɗe hannu a gida. Ƙasashen da ke kiran mata lokaci-lokaci don wannan hoto, galibi 'yan shekara 50 zuwa 69, ƙasashe ne masu kuɗi da yawan likitoci. A inda asibiti ya yi ƙaranci, shawarar masana ita ce a fara da abin da ke hannu: mace ta san jikinta, ta kai kuka da wuri, hannun da ya ƙware ya duba ta, a tura ta gaba ba tare da jan ƙafa ba.

An ma gwada an gani. A birnin Mumbai na Indiya, likitocin asibitin Tata Memorial sun bi mata sama da 150,000 masu shekara 35 zuwa 64 har tsawon shekara 20. Kusan rabinsu ana duba musu mama da hannu duk bayan shekara biyu, kuma masu dubawar ba likitoci ba ne, mata ne ma'aikatan lafiya na matakin farko da aka horar. Da sakamakon ya fito a 2021, sai aka ga a cikin waɗanda ake dubawa an fi kama cutar kafin ta yi nisa, kuma a tsakanin masu shekara 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Hannu ne da ido, sai kuma hanyar da aka share don duk wadda aka ji wani abu a jikinta ta isa ga likita. Saboda haka ƙofarki ta farko tana ƙaramin asibitin nan na kusa da ku. Bayan shi kuma akwai sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Yana nuna ko ruwa ne ko nama, kuma ya fi mamogram samuwa nesa ba kusa ba.

Bari in gaya miki yadda abin yake, domin ni ma na kwanta a kan gadon nan. Shekarun baya na ji nawa ƙullutun, a dama. Sai da na yi mako bakwai ina taɓa shi kowane dare ina ce wa kaina ya ragu, don haka na san irin daren da kike kwana. Ranar da na je, nas ta ja labule, ta ce in zauna in ɗaga hannuwana sama, ta kalli ɓangarorin biyu ko akwai inda fata ta lotsa ko kan nono ya shige. Sannan na kwanta, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, ta bi da tafin yatsunta uku a hankali, ta zagaye ko'ina har cikin hammata da saman ƙashin wuya. Bai kai minti goma ba. Hannunta da sanyi, ta ba ni haƙuri, wannan kaɗai nake tunawa na rashin daɗi. Daga nan aka yi sikanin, aka ce za a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. An yi mini allurar kashe zafi a wurin. Likita ya ce zan ji wata ƙara, ƙas, kada in firgita. Na ji ta sau uku ko huɗu, aka manna filasta, na koma gida da ƙafafuna a ranar. Abin da aka ɗiba bai fi siririn tsinken ashana ba.

Wannan ɗibar nama, da suke kira bayofsi, ita ke yanke hukunci. Hannu zato yake yi, hoto ma zato yake yi, sai an sa naman a madubin ɗakin gwaji ake sanin gaskiya. Ko mamogram ta fito ba ta nuna komai ba, in dai ƙullutun na nan ana jin sa, ba a gama da ke ba. Kuma akwai ramuka biyu a hanyar nan da nake so ki sani tun yanzu. Ɗaya shi ne a rubuta miki maganin kashe ƙwayoyin cuta a ce ki je zai baje, ki shanye ki dawo a sake rubuta wani, wata ya bi wata. Wannan magani na ƙurji da kumburi ne, irin wanda ke kama masu shayarwa. Ke kin shekara uku da yaye, ƙullutunki ba zafi ba ja. Ki ce da ladabi, "Ina roƙon a ba ni takarda zuwa inda za a yi hoto a ɗebi nama." Ɗayan kuma shi ne a yanke ƙullutun a ƙaramin wuri a jefar, a ce an cire miki shi ke nan. Kada ki yarda a cire komai daga mamanki ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Matan da aka yi wa haka, wasu sai bayan shekara abin ya dawo da ƙarfi, babu wanda ya san me aka cire tun farko.

Ni aka ce in dawo karɓar sakamako bayan mako biyu. Na koma ba a gan shi ba. Na sake komawa aka ce mai dubawa ba ya nan. Sai a zuwa na uku na karɓa, ya nuna ba sankara ba ce. Amma a bencin da muke jira na ga yadda mata ke sulalewa. Wata baiwar Allah da muka yi zuwa biyu tare, takardarta a naɗe cikin leda, ta ce mini in yau ma ba a samu ba ita kam ba za ta iya sake biyan mota ba. A zuwa na uku ban gan ta ba, kuma har yau takan faɗo mini a rai. A nan tsakiya ake rasa mata da yawa, bayan sun yi ta maza sun zo. In kin ba da nama, ki sa a rubuta miki lambar gwajin da ranar dawowa, ki bar lambar waya, ki karɓi ta wanda za ki kira kafin ki hau mota. In kwana 60 ɗin nan suka kusa cika ba a ce miki komai ba, ki matsa. Hakkinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Yanzu mu zo kan innarki, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Na san ita ce ke tsaye tsakaninki da asibiti fiye da nisa, fiye da kuɗi. Kin ga an cire mata mama, wata huɗu ta rasu, sai zuciya ta ɗaura laifin a kan wuƙa. Kuma ba ke kaɗai ba, wannan magana ta cewa ƙarfe na tayar da daji tana yawo a ƙasashe da yawa, don kuwa mutane ba ƙarya suke yi game da abin da idonsu ya gani ba. Sun ga an yi aiki, sun ga an mutu. Abin da ba su gani ba shi ne watanni ko shekarun da matar ta yi tana rufe ƙirjinta kafin ta je. Ki tambayi manyan gidanku a hankali, yaushe inna ta fara jin abin, kuma a wane hali aka kai ta. Sankara tana yaɗuwa ne ta hanyoyin jini da na kaluluwa, a ɓoye, tana tafiya hammata, ƙashi, huhu, hanta. In ta riga ta tafi, cire mama ba ya dawo da ita. Wani lokaci ma ana yin aikin ne kawai don a raba mace da gyambon da ke zubar jini da wari, ta samu sauƙin kwanakinta. Sai ta rasu, a ce wuƙa ce. Labarin ya shiga gari, mace ta gaba ta ji tsoro ta ƙara jinkiri, ita ma ta isa a makare, ita ma ta rasu bayan aiki, maganar ta ƙara kama ƙasa. Haka abin ke ta juyawa, kuma kowace juyawa rai take ci. Allurar bayofsi ba ta watsa sankara a jiki. Ana yi wa mata ita kowace rana a ƙasashen da tara cikin goma na masu cutar ke tsira da ransu.

Ki gaya wa likita labarin innarki, da shekarunta lokacin da abin ya same ta, domin yana cikin abin da yake dubawa. Amma kada ki ɗauka gado ne da ba makawa. Yawancin matan da ke kamuwa babu mai cutar a danginsu, kuma da yawa masu ita a dangi ba sa kamuwa.

Maƙwabciyarki ƙauna ce ta sa ta kawo magani, kada ki riƙe ta a rai. Amma ki ajiye shi. Babu abin shafawa da ke narkar da sankara, kuma wasu suna cin fata su buɗe gyambo a inda babu shi. In ƙullutun da ake shafa wa ya ɓace, to dama irin mai ɓacewa ne. Babbar ɓarnarsa ita ce lokaci: kina shafawa kina jin kamar kina yin wani abu, kwanaki na wucewa. Addu'a kuwa ki riƙe ta da hannu biyu, ki tafi da ita asibiti.

Kunya ba zan raina ta ba. Buɗe ƙirji a gaban namijin da ba naki ba abu ne mai nauyi, kuma laifin tsarin lafiya ne da bai tanadi isassun mata a wannan aiki ba. Amma ki duba da kyau. Kusan duk asibitin da ake awon ciki ko karɓar haihuwa akwai ungozoma ko nas mace. Ki je ranar awo ki neme ta ki ce ita kike so ta duba ki. In ya zama dole namiji ne, kina da damar cewa a sa mace ta tsaya a ɗakin, ko ki shiga da 'yar uwarki, a rufe miki duk inda ba a dubawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Minti goma ne.

Sai maigida. Ba zan yi miki alkawarin yadda zai karɓi maganar ba, don ban san shi ba. Na ga mazan da suka ja baya, na kuma ga waɗanda suka sayar da abin hannunsu suka kwana a barandar asibiti. Abin da na lura shi ne kin riga kin yi tsalle zuwa ƙarshen labari, kina tsoron ranar da za a ce a cire, alhali ko duba ki ba a yi ba. Kada ki kai masa ƙarshen labarin, ki kai masa farkonsa. Ki sami lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, "Na ji wani ɗan ƙullutu a jikina. An ce yawanci ba komai ba ne, amma ana so a duba tun yana ƙarami, don in an bari ya girma wahalar da kuɗin sun fi yawa." In kina ganin zai fi jin maganar daga wani bakin, ki roƙi nas ta yi masa bayani, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa. Ya kamata kuma ya ji a fili cewa cutar nan ba a ɗaukar ta, ba ta zaman tare, ba ta shimfiɗa, ba ta kwano ɗaya. In kuwa ya yi ta cewa sai wani wata, sai an samu sarari, to kada ki zauna shiru. Ki sanar da yayanki ko mahaifiyarki ko duk wanda zai iya tsaya miki. Wannan ba tona asirin aure ba ne.

Ku kuma mazan da ke karanta wannan shafi, na san kuna nan: da yawa daga cikin matan da ke isa asibiti a makare, tsoron fuskarku ne ya riƙe su. Kalma ɗaya, "tashi mu je a duba", tana iya zama abin da ya tsayar da uwar 'ya'yanku a duniya.

Kuɗi da nisa, a nan ba ni da magana mai daɗi. Nauyi ne na gaske, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ji an tattara laifin an ɗora wa mata wai jahilci ne. Mata da yawa sun je asibiti da ƙafarsu tun da wuri, aka sallame su da ƙwayoyi, ko aka tura su inda na'ura ta lalace. A 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano da wannan cuta a duniya, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Wani bincike da ya bi mata a Namibiya, Najeriya, Yuganda, Zambiya da Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2020, ya samu rabinsu kaɗai ke raye bayan shekara uku. Cutar ɗaya ce. Babban abin da ya raba su shi ne lokacin da aka gano ta, da kuma ko an samu magani an kai shi ƙarshe.

Abin da zan iya ce miki shi ne ki ɗauki nauyin gutsure-gutsure. Duban farko da hannu shi ne mafi arha, kuma shi kaɗai ke gabanki a makon nan. In aka tura ki gaba, ki karɓi takarda a rubuce. Kafin ki yi tafiyar yini, a buga waya a tabbatar wace rana likitocin mama ke zama, kuma na'ura na aiki. Ki gaya musu daga nesa kike, ki roƙa a haɗa miki hoto da ɗibar nama a zuwa ɗaya. Manyan asibitocin gwamnati galibi suna da ofishin jin ƙai na marasa hali, ki tambaya ba tare da jin nauyi ba. Ki tambaya ko akwai inshorar lafiya da za ki iya shiga, da ƙungiyoyin masu taimaka wa masu sankara, don nas-nas na ɓangaren sun san su. Dangi kuma da za su haɗa kuɗi in kin kwanta, gara su haɗa yanzu kina tsaye, zai fi sauƙi a kansu.

To in an duba aka ce ita ce fa? Na san wannan tambayar ke hana ki barci. Ba kowace sankarar mama ce ke kai ga cire mama ba. Tun shekarun 1980 binciken likita Umberto Veronesi a Italiya da Bernard Fisher a Amurka ya nuna cewa in ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi na na'ura, wato a riƙa haska wurin da wani haske mai ƙarfi da ke kashe ragowar cutar, yana tsare rai daidai da cire maman gaba ɗaya. Shi ya sa girman ke da muhimmanci: wanda bai wuce santimita 2 ba kuma bai taɓa hammata ba yana mataki na farko, kuma kowane wata da aka ƙara yana iya rage zaɓin da ke hannunki. Gaskiya ita ce, a inda na'urar gashi ke wahalar samu, likita na iya cewa cirewa gaba ɗaya ta fi aminci ko da ƙarin ƙarami ne. In ya zo da haka, rashi ne, za ki yi kuka, kuma kina da hakkin yin kukan. Amma na zauna da matan da aka cire wa shekaru da dama da suka wuce, suna aurar da 'ya'ya suna goyon jikoki, in ba su faɗa ba ba za ki sani ba. Ki kuma tambaya a gwada naman a ga wace iri ce, domin iri-iri ce. Wadda sinadarin jikin mace ke ciyar da ita tana jin wata ƙwaya mai suna tamoxifen, ana sha ɗaya kullum shekara 5 zuwa 10. Wata sai an haɗa da ƙarin ruwan kemo, wanda ke zubar da gashin kai ya galabaitar da jiki, amma gashin yana dawowa. Duk wanda aka ɗora ki a kai, ki kai shi ƙarshe. Mata da yawa suna tsayawa a tsakiya da zarar sun ga ƙullutu ya ragu, alhali saiwar na nan.

In wannan ya wuce, ki zama ke ce mai gaya wa ƙannenki da 'ya'yanki mata abin da za su lura da shi: ƙullutu ko kauri a mama ko hammata, fata ta lotsa ko ta yi ƙuru-ƙuru kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko ruwa na fita ba shayarwa ake ba, gyambon da ya ƙi warkewa. Duba kai a gida ba ya maye gurbin asibiti. Wani babban bincike a kan mata sama da 260,000 a birnin Shanghai ya nuna koyar da duba kai shi kaɗai bai rage mutuwa ba. Amfaninsa shi ne mace ta san yadda jikinta yake, in ya sauya ta tashi ta je.

Ranar da za ki je, kada ki shafa komai a wurin. Ki tafi da wadda kika yarda da ita. In kin shiga, kada kunya ta sa ki ce ciwon kai ko zazzaɓi ya kawo ki, kamar yadda wasu ke yi su dawo gida ba su faɗi abin da ya kai su ba. Ki ce, "Ina da ƙullutu a mama, wata biyar, ba ya ciwo, yana girma, kuma ƙanwar mahaifiyata ta rasu da sankarar mama." In bakinki ya yi nauyi, ki rubuta shi a takarda ki miƙa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa mu ji alheri. Ki rubuto mini ranar da sakamakon ya shigo hannunki, ko me ya ce, ina jira.